Abin da Kyamarar Shagon Sola Ta Gani

Shekara biyu bayan rasuwar matata na gane cewa wanda ya yi ritaya daga koyarwa ya fi buƙatar benci a kan fansho. Fansho wata-wata yake zuwa, idan ya ga dama. Benci kuwa na kullum ne. Nawa yana bakin babbar hanya, kusa da tasha, gefen teburin wani mai gyaran rediyo. 'Ya'yana suna Yamai. Ranar Juma'a suke kira, su tambayi lafiyar hawan jinina kamar wani ɗan'uwansu da suka bari a hannuna.

Mai rediyon mutumin wani ƙauye ne can wajen Illela ta Tawa. Ya fi shekara ashirin a garin, ba mata, ba ɗa, kuma har lokacin baƙo ake ce masa. Ni ma aiki ne ya kawo ni. Na yi shekaru ina direktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, na gina gida, na zauna. Ba mu cika hira ba. Da hantsi nake zuwa da littafi a hammata, shi yana ɗora ƙarfen liƙinsa a kan gawayi, motocin siminti daga Malbaza da na albasa daga Galmi suna wucewa suna girgiza masa kusoshi a cikin gwangwani. Mushe yake kirana, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal a ƙasarmu.

Wanda ya yi shekara talatin yana kama masu satar amsa ba ya rasa ganin abin da hannu ke yi a ɓoye. Na lura idan ya gama gyara ya kunna rediyo, sai ya ɗora babban yatsansa a kan lasifika, ya karkata kai kamar mai saurare. Da yatsan yake ji. Idan mutum na magana, bakin yake kallo. Idan bai kama ba, sai ya ce, “Haka ne,” ya yi murmushi, kuma a garinmu da wuya wannan amsa ta kasa shiga ko'ina.

Wata rana na ce masa, “Kunnen nan naka fa.”

Ya ce, “Mushe, karatu ka zo yi ko binciken ɗalibai?”

Sai da aka jima, bayan wani mai kaya ya tafi, ya duƙo ya ce, “In maganar ga ta hita bakinka, teburin ga ya mutu. Wa za ya kai ma kurma rediyo?”

Na yi masa alkawari. Ba alkawari ne mai nauyi ba a lokacin, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Ranar Talatar da aka kama shi ina asibiti ana auna jinina. Da na iso na tarar da teburin a buɗe, gawayin ya mutu. Mai shayi ne ya gaya mini, yana kallon wani wuri daban. Wani babba zai wuce, an tsayar da kowa. Mai rediyo ya shiga kwalta da rediyo a rungume. Daga nan sai jini a leɓen ɗan sanda, sai mota.

A komisariya, ofishin 'yan sanda, aka karanta mini abin da aka rubuta: an busa masa usur ya ƙi tsayawa, ya juyo da gangan ya bugi ma'aikaci a bakin aikinsa. A ƙasa akwai dangwalen yatsansa. An tambaye shi ko haka aka yi, ya ce haka ne. An tambaye shi sau da yawa, kuma kowace tambaya ya ba ta amsar da ya saba.

Suka bar ni na gan shi. Ɗakin da duhu, ba ya ganin bakina, sai da na matsa inda haske ke faɗowa daga ƙofa na riƙa magana a hankali kamar mai ba 'yan aji ɗaya dikte, wato shifta.

Ya ce, “Ta baya anka cafko ni. Na zaci ɓarawo na son rediyon mutane. Na juya, shi ke nan.”

Na ce, “Bari in gaya musu dalili.”

Ya ce, “Ka rufe min teburi. Gwangwanin kusoshi ka kai gida.”

Ranar Alhamis aka kai shi gidan kaso, aka ce zai zo gaban alƙali bayan sati biyu. Magatakardan kotun, wanda na taɓa koyar da ƙanwarsa, ya ce mini a fili: mutumin ya amsa laifi da yatsansa, idan babu shaidar da ta ce wani abu daban, watanni ne, wataƙila shekara.

Na fita neman shaidu. Mai shayi ya ce a daidai lokacin yana kallon tukunya. Mai faci ya ce kansa na cikin taya. Mai goro ya je alwala, da ƙarfe goma na safe. Rabinsu sun ratsa ta hannuna a lakwal, kuma na ga darasin da suka fi riƙewa shi ne na ranar da aka fasa gilashin taga, aji guda bai ga kowa ba. Ban zarge su sosai ba. A bakin wannan hanyar suke ci, kuma gobe ma 'yan sandan suna nan.

Ina zaune a bencin ni kaɗai na ɗaga kai na gan ta. Tsallaken hanya akwai babban shagon da ake sayar da faifan sola da batura, kuma a ƙarƙashin rumfarsa akwai wata kyamara fara, kamar ƙwan zabuwa, tana kallon kwalta. Na sha ganinta ban taɓa ba ta muhimmanci ba. Sauran kyamarorin garin, idan akwai su, suna mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Wannan a gidan sola take.

Mai shagon wani Alhaji ne da ya yi aji biyar a hannuna kafin kasuwa ta ɗauke shi. Na koma gida na yi abin da na iya. Na ɗauko farar takarda, na ja layi a gefe, na rubuta masa roƙo da Faransanci, da duk girmamawar da wannan harshe ya tanada don a nemi abu ba tare da an sunkuya ba. Na sa cikakken sunansa, da sunan shagon, da rana, da sa'a. Na manna tembur, wato kan sarki, na sa hannu a kansa. Na ajiye kwafi. Ban tsammanin an taɓa rubuta roƙo mai tsabta irin wannan a unguwar tasha ba.

Ranar Juma'a da safe na kai masa. Ya miƙe tsaye, ya karɓa da hannu biyu, ya kalli tembur ɗin ya daɗe, sannan ya tura takardar ƙarƙashin kanta.

Ya ce, “To, Mushe.”

Na tambaye shi ko injin na riƙe abin da ya gani.

Ya ce, “Kwana goma yake riƙewa. In ya cika sai ya hau na baya ya shafe. Ka dawo gobe, in sha Allahu.”

Na fito ina jin na ci jarrabawa. Ranar Asabar aka ce ya tafi Sakkwato. Ranar Lahadi ya dawo, amma ya manta lambobin buɗe injin. Ranar Litinin ya tuna lambobin, sai dai igiyar da ke haɗa injin da allo ta ɓata. Kowace rana yana miƙewa tsaye, yana sa a kawo mini ruwan sanyi, yana raka ni har bakin kwalta. Ban taɓa ganin an ƙi mutum da ladabi irin haka ba, kuma sai da na kwana uku kafin na gane ƙi ne. Ɗalibi ba ya ce wa malaminsa a'a. Na san wannan a aji, na manta da shi a shago.

Da yammacin Litinin ɗin ƙawar marigayiya matata ta zo karɓar kwanonta. A bayan gidana take, tana sayar da man gyaɗa, kuma tun rasuwar takan aiko mini da tuwo wani lokaci. Ta same ni a tsakar gida da kwafin takardar a cinya. Ban san abin da ya sa na ba ta labari ba. Wataƙila don ita ce ta farko da ta tsaya.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Mushe, ka tahi gaisuwar uban nai?”

Mahaifin Alhajin ya rasu wata biyar da suka wuce. Na ce na rubuta masa ta'aziyya, shafi guda cur.

Ta ce, “Ka rubuta.”

“Na rubuta.”

“Takardar ta cire takalmi a zaure? Ta zamna bisa tabarma? Ta buɗe baki ta ce Allah shi jiƙan shi?”

Na ce ai manufar ɗaya ce.

Ta ajiye kwanon a ƙasa, alamar ba yanzu za ta tafi ba. “Da ƙawata na da rai, kwana ukku za ta yi gidan nan tana tuƙin tuwon baƙi, kowa shi ce gidan Mushe sun zo. Kai kana ɗaki da littahi. Haka kunka yi shekara talatin, ita tana tahiya, kai ana gode maka. Yanzu ta tahi, kai ko ka zaci mutane na gaishe ka don ka iya Faransanci.”

Ban sami abin gyarawa a jawabin ba, ko da jan biro.

Ta ce, “Gobe ka sayi goro, ka tahi wurin uwa tai. Ta hita takaba. Ka yi gaisuwa, ka ba da haƙurin jinkiri, ka tashi. Kada ka kuskura ka ambaci injin nan. In ka haɗa gaisuwar mamaci da buƙatarka, ka ɓata duka biyun.”

Na ce, “Kwana uku fa ya rage.”

Ta ɗauki kwanonta. “Wata biyar ka yi ba ka ƙirga ba.”

Ranar Talata bayan la'asar na sa babbar riga, wadda rabona da ita tun sadakar arba'in ɗin matata, na tafi. Na yi shekaru ina wuce ƙofar gidan nan, ban taɓa sanin zaurensa biyu ba. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakin tsohuwar. Tana zaune a kan buzu, ƙanƙanuwa, da carbi a hannu, idonta garau.

Na yi gaisuwar. Kalmomin suna nan a bakina, ashe, ba su tafi ko'ina ba. Na ce Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya ba su haƙuri. Na ce na yi jinkiri, kuma ba ni da hujja.

Ta ce, “Amin, amin. Ai mun ga takarda. An karanta muna. Ba mu ji ba, amma an ce ta yi kyau.”

Sai ta shiga zancen matata. Ta ce shekarar da ta yi ciwon ƙafa, matata ce ke zuwa kowace safiya ta gasa mata. Ta ce matata ce ta yi wa autarta kitson aure. Ta ce akwai wata waƙar daka da matata ke yi, ta ƙasarsu, da ke sa matan gidan dariya har su saki taɓarya. Ban san ciwon ƙafar ba. Ban san waƙar ba. Na zauna ina jin labarin wata mata mai ban dariya da ta yi shekara talatin tana fita daga gidana da safe.

Tsohuwar ta ce, “Kuma ba ta taɓa shigowa ba ta ce Mushe na gaishe ku. Kullum. Mun sha gaisuwarka, Mushe.”

Ban taɓa aiko ta da gaisuwa ba ko sau ɗaya.

Inuwa ta kai bango. Na san lokacin tashi ya yi. A kaina kuwa injin nan ne kawai, yana ta juyawa a tsallaken hanya, yana matsowa kusa da safiyar Talatar da ta wuce. Na tura goron gabanta, na fara neman takalmina.

Ta ce, “Ba wani abu dai, Mushe?”

Ta kafe ni da ido. Na zauna jarrabawa da yawa a rayuwata, na kuma tsare fiye da haka, amma ban taɓa ganin tambaya mai sauƙin amsa da wuyar faɗi irin wannan ba. Abokina na kwance a kaso, kalma goma za su isa.

Na ce, “Babu, Hajiya. Gaisuwa ce kawai.”

Ta ce, “To, mun gode. A gaida gida.”

Babu kowa a gidan da za a gaisar, ta kuma sani. Haka dai ake cewa.

Laraba ba abin da ya faru. Na zauna a bencin daga hantsi har azahar, littafi a buɗe a shafi ɗaya. Ina ganin Alhaji yana shiga yana fita, ana ɗora wa wasu mutanen Bazaga faifan sola a kan amalanken jaki. Bai dubo wajena ba. Sau biyu na miƙe zan tsallaka, sau biyu na koma na zauna. Na yi tunanin ƙawar marigayiya ta san man gyaɗa, ba ta san inji ba, kuma na sayar da kwana biyu a kan maganarta.

Ranar Alhamis, kwana na goma, ina isowa na ga Alhaji ya tsallako da kansa. Ya gaishe ni, ya zaro takardata daga aljihu, ya miƙo da hannu biyu kamar yadda ya karɓa.

Ya ce, “Wagga taka ta, Mushe. Mu ɗauka ba ta zo ba. Kayana ta iyaka suka shigowa, ta gaban masu kakin nan. Takarda mai sunana da kan sarki, ban san inda za ta kwana ba.” Ya dube ni sama da ƙasa. “Inna ta ce ka rame. Taho mu shiga.”

A ɗakin baya, tsakanin kwalayen batura, akwai ƙaramin allo. Igiyar da ta ɓata tana nan a jone. Na tambaye shi ko injin bai riga ya shafe ba.

Ya ce, “Tun ranar da abin ya faru na hidda shi na aje. Ai ba a barin irin wannan.”

Na tuna na taɓa rubuta a katin sakamakonsa cewa yaro ne mai hankali amma ba ya bayyana abin da ya sani. 

Hoton ba shi da sauti. Kwalta ce fayau, mutane sun jeru gefe biyu. Ga mai shayi, ba ya kallon tukunya. Ga mai faci a tsaye, hannu a ƙugu. Ga mai goro. Sai ga abokina ya fito daga gefen allon, rediyo a ƙirji, yana tafiyarsa ta kullum, yana kallon ƙasa saboda ramuka. A bayansa ɗan sanda ya kai usur baki. Kumatunsa suka kumbura sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Mutanen da ke gaba suka fara ɗaga masa hannu, suna nuna masa baya. Ya ɗago, ya ga hannuwa a sama, sai ya gyara riƙon rediyon ya ɗaga nasa hannun yana amsa gaisuwa. Ina jin bai taɓa ganin mutane da yawa haka sun gaishe shi lokaci guda ba.

Ɗan sandan ya sheƙo da gudu ya damƙi wuyan rigarsa. Ya juya da rediyon gaba ɗaya, kusurwarta ta sami baki. Da ya ga kaki da jini sai ya saki rediyon mutane ta faɗi, ya cire hularsa yana miƙawa a toshe jinin.

Alhaji ya mayar da hoton baya, muka sake kallo. Sannan ya ce, “Ba da gangan ba ne, kowa ya gani. Amma Mushe, mi ya hana shi tsayawa?”

Sai a lokacin na ga abin da na samo. Sati guda ina bin hoton nan kamar shi ne amsar. Rabin amsa ne. Ɗaya rabin yana bakina, kuma an ɗaure shi da alkawari.

Alhaji ya zuba mini hoton a ɗan kile, abin nan mai kamar ɗan yatsa da ake sa wa inji, ya ce idan alƙali ya tambayi inda aka samo, in faɗa da baki, shi zai zo. Na kai wa magatakarda. Daga nan na wuce gidan kaso.

Ya faɗa sosai. Wani da suke ɗaki ɗaya ya ce mini tsohon nan girman kai gare shi, ana kiran abinci ba ya tashi, ana kiran suna sai an taɓa shi. Na zauna inda zai ga bakina na gaya masa komai, har da tambayar Alhaji.

Ya ce, “Wata nawa za su ba ni?”

Na ce wataƙila shida, wataƙila fiye.

Ya ƙirga a yatsu, ya ga zai fito bayan girbi. “In na hito, teburi na nan. In ka faɗi, ina za ni?”

Na ce, “Ba ka cin abinci.”

Ya ce, “Haka ne,” kuma wannan karon na tabbata ya gane abin da na ce.

Ban sabunta alkawarin ba, ban kuma janye shi ba. Na yi abin da ma'aikacin gwamnati ke yi da takardar da ta fi ƙarfinsa, na bar ta a kan tebur.

Ranar shari'a ɗakin ya cika, don labarin kyamarar ya zaga tasha, kuma duk waɗanda ba su ga komai ba sun zo su gani. Alhaji na tsaye a baya. Alƙalin matashi ne, bai fi ɗana na biyu ba. Ya kalli hoton a kan na'urarsa, ya kira ɗan sandan ya kalla shi ma. Sannan ya yi magana, tafinta na juyawa.

Ya ce hoton ya nuna bugun ba na niyya ba ne. Amma ya nuna an busa usur sau uku, jama'a sun yi ta nuni, wanda ake tuhuma ya ɗaga musu hannu ya ci gaba da tafiya. Wannan, in ji shi, ya fi kama da raini. Shin raini ne?

Tafintan yana gefe, ba a gabansa ba. Abokina ya kalli alƙali, ya kalli tafinta, ya makara. Ya yi murmushin nan nasa.

Ya ce, “Haka ne.”

Alƙali ya ɗauki biro.

Na ga hannuna a sama, yatsa ɗaya a miƙe, kamar yadda na koya wa yara dubu su yi. Aka ba ni izini. Na faɗa da Faransanci cewa kunnensa ba ya ji, ina jin ko hakan zai rage yawan masu ji. Tafinta ya juya shi da Hausa, da ƙarfi, don aikinsa ke nan.

Alƙalin ya dube shi ya daɗe. Sai ya ɗaga fayil ɗin ya rufe bakinsa da shi, ya ce da Hausa, “Baba, kana iya zama.” Ya sake faɗa. Ya faɗa na uku da murya sama. Abokina na tsaye, hannu a baya, yana kallon fayil da ladabi. Wani ya yi dariya a baya, wani ya ce masa ya yi shiru. A nan ne ya waiwayo, ya ga dukan ɗakin na kallon kunnuwansa, ya gan ni a tsaye.

Aka sake shi ranar. Ɗan sandan da kansa ya nemi magana, ya ce da ya sani da bai taɓa shi ba. A waje ya zo ya cire hularsa, ya kai baki kusa da kunnen abokina, ya ɗaga murya yadda har masu kabu-kabu a bakin ƙofa suka juyo: “Baba, ka yi haƙuri!” Da zuciya ɗaya ya faɗa. Shi ne mutum na farko da ya yi masa ihu.

Bayan haka kowa ya yi. Mutane sun kyautata masa, kada in yi musu ƙarya. Mai shayi ya riƙa aiko masa da kofi ba a tambaya ba. Ana tsayawa a gaishe shi da ƙarfi, da hannu, da fuska, kamar ana magana da wanda ke cikin rijiya. Amma rediyo ta daina zuwa. Waɗanda ya yi wa gyara shekara da shekaru, ba su taɓa dawo da kaya ba, suka fara tuna cewa tasu takan yi ɗan ƙara. Suka koma wurin wani a cikin kasuwa. Shi sai tocila ake kawo masa, da fitilar caji.

Na mayar masa da gwangwanin kusoshinsa, ya karɓa. Bai kore ni daga bencin ba, bai taɓa ce mini me ya sa ba. Abin da ya yi ya fi haka sauƙi. Ya daina kallon bakina. Ina iya yin magana daga hantsi zuwa azahar, idonsa na kan gawayi. Na ci gaba da zuwa duk da haka, wata da watanni, muna zaune kamu ɗaya tsakaninmu.

Da aka gama yankan gero, lokacin da, bisa lissafinsa, da yanzu yake fitowa daga kaso, sai na iso wata safiya na tarar an kifa teburin a kan rufin motar Illela, ƙafafu huɗu a sama. Ɗan'uwansa na da gona, in ji mai shayi, kuma gona ba ruwanta da kunne. Direba na ta fama da igiya, shi yana riƙe da ɗaya bakin. Na je na kama masa. Muka ja tare, muka zagaya ƙafar teburin, ya duƙa yana ƙulli.

Na ce, “Ka yafe mini.”

Idonsa na kan ƙullin. Ya ja shi ya gwada, ya ga ya kama, ya miƙe ya ba ni hannu kamar yadda ya ba direba da mai shayi, ya shiga mota. Har yau ban sani ba ko da gangan na zaɓi lokacin da ba ya kallona.